Saniyar da Malam Halliru Ya Ƙi Kashewa

Malam Halliru ya koyar a firamaren Gatawa shekara da shekaru, amma ba a cika samunsa cikin aji ba. Gindin gawo yake kwasar yara, ya koya musu lissafi da kashin awaki. Hedimasta ya yi faɗan har ya gaji.

Da yamma kuma littattafan labari yake rubutawa, kuma mu mutanen gari muke cikinsu, da sunayenmu da halayenmu. Ranar kasuwa yakan karanta mana abin da ya rubuta. Ni ya sa ni a matsayin mai tsegumi. Na je na yi ƙorafi, ya ce shi ba ya sake labari don kowa, ko uwarsa ce. Taurin kai gare shi, amma muna sonsa haka nan.

A littafin da yake rubutawa lokacin babban fari akwai Wule, saniyar wani makiyayi mai suna Wakili. Damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, shanu suka dinga faɗuwa. Garken Wakili ya ƙare ɗaya bayan ɗaya, Wule ce ta ƙarshe, a hanyar garin Isa ta kwanta. Malam ya ce gaskiya zai rubuta, a littafi ma Wule za ta mutu.

Labari ya kai wa Wakili. Ya zo gindin gawo da sandarsa, ya tsuguna har aka tashi yara.

"Malam," ya ce, "an ce mani za ka kashe Wule cikin littafin ga naka."

"Ai ta mutu, Wakili."

"Ta mutu ga daji. Ita ɗai ta rage mani. Kak ka kashe min ita sau biyu."

Malam ya ce, "Za ni dubawa."

Ranar kasuwa muka taru. A babin da ya karanta, Wule ta kai gulbi da ƙyar, ta sha ruwa, ta tashi. Wallahi na yi hawaye, ban kuma yi masa gorin sake labari ba.

Wakili bai sake mallakar saniya ba har ya rasu. Amma duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gindin gawo, ya gaida Malam, ya tambaye shi ko Wule ta haihu.