Ɗinki Ya Koma Hagu

Orville Tessmer bai taɓa jefa ƙwallo a gaban jama'a ba, bai kuma taɓa cafe ta ba. Aikinsa a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinmu shi ne duƙawa. Shi ne na tsakiya a layin ƙattai biyar. Sai ya tsuguna a kan ƙwallo kamar kaza a kan ƙwai, ya jira muryar mai jifa da ke bayansa, ya miƙa masa ita ta tsakanin cinyoyinsa, sannan ya tare duk wanda ya taho da ƙirji. A shagon aski ana cewa jarida ta fi sanin ɗuwawun Orville a kan fuskarsa, kuma ba sharri aka yi masa ba.

Gasar tamu ta ƙwararru ce, amma ƙarama, don haka kowa yana da wata sana'a. Shi Orville a masana'antar cuku yake. Da safe zai tsaya gaban tankin madara, tururi yana tashi, ƙarfe yana juya farin ruwan a hankali, shi kuma hankalinsa ya yi tafiyarsa. Mutum ne da ya saba leƙen duniya ta tsakanin ƙafafunsa, sama a ƙasa, gonakin masara a rataye, dinyoyi suna tafiya kudu a rigingine. Ya taɓa gaya wa matarsa cewa garin ya fi kyau a haka. Ta ce to ya riƙa kallon ta a hakan ita ma.

Mai jifar ƙungiyar kuwa Lamont Pruitt ne, wanda ya zo daga kudu don kakar wasa ɗaya, ya ga dusar ƙanƙara, ya zage ta, ya kuma zauna har gashinsa ya soma kama da ita. Gyaran na'urar ɗumama gida yake yi. Tun Orville yana sabon shiga hannun Lamont ne a ƙarƙashinsa. Daga yadda bayan hannun nan ya taɓa shi, Orville ya san ko Lamont ya yi barci, ko gwiwarsa ta motsa, ko an yi faɗa a gida. Lamont kuma yakan ce shi daga inda yake tsaye ya san abin da Orville ya ci da rana, ilimin da bai roƙi kowa ba.

Akwai wani abu ƙarami a aikin da 'yan kallo ba sa gani. A jikin ƙwallon akwai farin ɗinki, nan yatsun mai jifa suke kamawa. Ɗan tsakiya yana murza ƙwallon kaɗan a hanya, yadda ɗinkin zai sauka daidai kan yatsun hannun jifa. Lamont da dama yake jifa. Hannun Orville ya daɗe da daina tambayar kansa, shi kaɗai yake murzawa.

Sai ga Kip Halvorsen, shi ma mai jifa, ya dawo daga jami'a. Siriri, ƙafa kamar ta barewa, kuma bahago. Yana kiran Lamont da yallaɓai, abin da ya fi zagi yi wa Lamont ciwo. Garin ya rabu biyu. A wurin cin soyayyen kifi na ranar Juma'a wasu su ce Lamont yana karanta abokan gaba kamar allon hanya, wasu su ce me za a yi da karatu tunda ƙwallon tasa yanzu sai ta huta a hanya kafin ta isa.

Koci Dombrowski ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya gaji, bai yanke ba. Ƙarshe ya ce ƙattan da ke shan duka saboda mai jifa su ne za su faɗa. Biyu suka ce Lamont, biyu suka ce Kip. Saura Orville. Koci ya ba shi zuwa Juma'a, don ranar Asabar za a buɗe kaka. Kowa kuma ya san abin da Lamont ya faɗa tun farko: shi ba zai zauna a benci yana riƙe wa yaro riga ba. In ba shi ba ne, ya rataye hular kwano ke nan.

Orville bai ga abin tunani a ciki ba. Lamont ne mana. Wa ya kwana da shi a asibiti ranar da kafaɗarsa ta goce? Wa ya gyara masa ɗumin gida ana tsakiyar sanyi, ya ƙi karɓar komai sai gutsuren cuku?

Amma Kip yakan tsaya bayan atisaye, yana sosa ƙeya, ya ce ko kawu zai miƙo masa kaɗan kafin ya tafi. Orville bai iya cewa a'a ba. Yakan duƙa, ya murza ɗinki ta hagu, ya ɗago kai ya bi ƙwallon da ido. Jifar bahago juyawarta daban ce, baibai take yi. Tana tafiya can sama shiru, tana wulwulawa a hasken yamma kamar ta manta ana saukowa. Da safe a gaban tanki sai ya riƙa ganin ta a cikin madara, tana juyawa saɓanin ƙarfen. Ya ce wa kansa kallo ne kawai, ai kallo ba zaɓe ba ne.

Ranar Alhamis da la'asar dusar ƙanƙara ta farko ta soma zuba, sako-sako, kamar ana kaɗe matashin kai a sama. Lamont ya matso, ya sa hannu, ya yi kiran nan da muryarsa mai kauri. Orville ya miƙa. Ƙwallon ta fita tana tangaɗi kamar agwagwar da aka harba, ta faɗi a rabin hanya. Wani a gefe ya ce tsufa ya kawo gaisuwa. Lamont ya sake matsowa. Na biyu Orville ya nutsu, ta tafi lafiya. Na uku wasu dinyoyi suka ratsa saman fili, hankalinsa ya bi su, ya miƙa.

Lamont bai ma jefa ba. Ya tsaya yana kallon ƙwallon a hannunsa. Yatsunsa na dama suna kan fata zalla, farin ɗinkin yana can ɗaya ɓangaren yana jiran bahago. Ya dafa bayan Orville, ya ja shi gefe.

"Ƙato, tun yaushe?"

"Sanyi ne, tsoho. Yatsuna sun ƙage."

"Mun yi wasa a sanyin da majina take daskarewa a hanci, ɗinki bai taɓa ɓatan hanya ba."

Orville ya kalli takalmansa. Ya ce shi dai gobe sunan Lamont zai faɗa, ya riga ya gama.

"Na sani," in ji Lamont. "Bakinka ɗan kirki ne. Amma ni ba da bakinka na yi aiki ba duk shekarun nan."

Orville ya roƙe shi ko shi Lamont ɗin zai je ya yi wa koci magana, ya ce ya janye saboda gwiwa. Lamont ya yi dariya, ya ce lafiyar gwiwarsa ƙalau, ba zai yi mata ƙazafi don wani ƙato ya samu sauƙi ba. Wanda aka tambaya shi zai je da ƙafarsa. Ya cusa masa ƙwallon a ciki, ya wuce yana ɗingishin da ya ce ba shi da shi.

Washegari Orville ya tsaya a ƙofar koci, hula a hannu, ya cika ƙofar gaba ɗaya. Ya buɗe baki da niyya ɗaya, ya rufe. Ya kalli hannunsa na dama, wanda ya yi lamo kamar bai aikata komai ba. Sannan ya ce Kip. Koci ya daina tauna, ya gyaɗa kai, ya ci gaba.

Da yamma Orville ya so ya ƙi zuwa cin kifi, matarsa ta kora shi. Ya tarar Lamont ya kama masa kujera kamar kullum. Ba wanda ya ɗaga zancen. Da aka kawo abin sha, Lamont ya ɗauki kofin Orville, ya zagaya da shi a hankali ta gaban faranti, ya ajiye masa a hagu.

"Tunda can ka koma," ya ce, ya ja kifinsa.

Ranar Asabar wani hannu ne daban a ƙarƙashin Orville, mai sanyi. Bai iya karanta shi ba tukuna, bai san ko tsoro ne a cikinsa ko zumuɗi ba. Kafin kira ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa. Garin yana rataye a sama, fari fat, kuma can cikin 'yan kallo ga Lamont a kife, cikin rigar aikinsa, yana hura kofi. Orville ya lalubo ɗinkin da yatsa, ya jira muryar yaron.