Kayen da Kyamara Ta Ƙi Gani

Akwai wata Alhamis a Maigatari da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Mutane suna cewa ni mai haƙuri ne, kuma ina jin haka ne, tunda da furfurata na zauna a ajin yaƙi da jahilci har na iya rubuta wannan da hannuna. Amma duk sanda na tuna ranar nan, sai in ji ƙirjina ya ɗau zafi.

Mahaifinmu ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, kuma an san shi a ƙauyukanmu na wajen Sule Tankarkar. Ni ban gaje shi ba, noma na riƙe. Ƙanina ne ya ɗauko shi. Baba ya koya masa wata taɗiya tasa, wadda ake zura ƙafa ta ciki a murɗa kugu, kafin abokin karawa ya farga bayansa ya taɓa ƙasa. Sai dai lokacin da yaron ya fara suna, ciwon ƙafa ya riga ya kwantar da Baba. Ko zaure ba ya zuwa sai an riƙe shi. Mun taɓa ɗora shi a amalanke don ya je kallo, ba mu bar gari ba ya ce a mai da shi.

A kakar wata shekara, cikin shekarun casa'in, aka shirya babbar kokawa a Maigatari, aka haɗa ƙanina da wani gwani daga Damagaram. Baba ya kira ni ya ce, "Kowa ya dawo sai ya ce mini ya yi kaye. Ta yaya ya yi? Ba mai iya gaya mini. Ƙafar nan nake so in gani, ko ya sa ta inda na nuna masa."

Na ce, "In Allah ya yarda za ka gani, Baba."

Washegari na shiga Gumel wurin wani mai hoto da ake ta zancensa, wai ya sayo sabuwar kyamara mai saita kanta. Ya ciro ta daga jaka ya auna fuskata. Na ji ta yi wani ɗan kuka, idonta ya leƙo ya koma.

Ya ce, "Ka ji? Ta gan ka ke nan. Waɗancan tsofaffin sai mutum ya yi ta murɗa da hannu. Wannan ko tsuntsu ne a sama sai ta kama shi."

Na ce, "Malam, manyan 'yan kokawa ba sa shiga fage sai yamma ta yi. Ba za a samu matsala ba?"

Ya yi dariya, ya nuna mini wani rubutu a jikinta. A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, sai na gyaɗa kai. Na gaya masa halin da Baba yake ciki, na ce ba hoton tsayuwa nake so ba, kayen nake so. Ya ce in bar masa.

Ranar kokawar ranar kasuwar Maigatari ce, garin ya cika da manyan motoci da masu shanu. An ce za a fara bayan la'asar. Makaɗa suka yi ta kiɗa, 'yan kokawa suka yi ta zagaya fage suna kirari, amma aka hana kowa karawa, domin babban baƙo bai iso ba. Wani Alhaji ne attajiri da aka kafa wa rumfa ta musamman. Muka zauna muna kallon rana tana sauka. Da ya iso cikin farar babbar riga mai ƙyalli, sai da aka yi jawabi. Sannan aka bi al'ada, ƙanana suka fara, na tsakiya suka biyo. Kafin a zo kan manya, rana ta faɗa bayan rumfunan kasuwa, hasken da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Na lura mai hotona ya zaɓi wuri yana fuskantar rumfar baƙo, fagen yana tsakaninsu. Na matsa na ce, "Malam, da ka koma can gefe, ai ya fi haske."

Ya ce, "Kai ka san kokawa, ni na san hoto."

Ni ma ban san kokawar ba, sai na tsaya a gefensa.

Aka saki ƙanina da mutumin Damagaram. Ƙato ne, ya fi yaron tsawo da kauri. Suka sunkuya suna zagaya juna, wannan ya kai hannu, wancan ya doke. Can suka sarƙe. Mutumin ya ɗaga ƙanina har ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa. Yana sauke shi sai na ga yaron ya zura ƙafa ta ciki.

Na dafa kafaɗar mai hoto na ce, "Yanzu."

Ya danna. Ba ta ɗauka ba. Sai wannan ɗan kukan, idon ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa, kamar makaho yana laluben ƙofa. Ƙanina ya murɗa kugu, ƙaton ya tafi gaba ɗayansa. Sai a lokacin na ji ta yi ƙyas, ta sake yin ƙyas. Fili ya ruɗe, aka ɗauki yaron a kafaɗa. Na tambayi mai hoto ko ya samu, ya ce, "Kamar a tafin hannu."

A zamanin sai an kai fim Kano ake wankewa. Muka yi ta jira. Kullum Baba sai ya tambaya, kullum in ce saura kaɗan. Da saƙo ya zo na koma Gumel. Tun daga bakin shagon na ga wani babban hoto an sa masa gilashi an jingine: attajirin nan ne a rumfarsa, yana murmushi, har zaren aikin rigarsa ana iya gani. A gabansa akwai wani abu baƙi-baƙi kamar hayaƙi. Ban gane ba sai da aka miƙo mini nawa. Hoton ɗaya ne, ƙarami. Hayaƙin nan shi ne ƙanina da abokin karawarsa. Ba fuska, ba hannu, balle ƙafa.

Na ce, "Malam, ina kayen?"

Ya sa yatsa a kan hayaƙin ya ce, "Ga shi."

"Wannan zan kai wa tsoho?"

"To ai laifin ƙaninka ne, ya cika sauri. Ga duhu. Ita idan haske ya yi ƙasa, abin da ya fi fari kuma yake zaune wuri ɗaya take kamawa."

Na ce, "Ka san da haka ranar da na tambaye ka?"

Ya kau da kai yana goge gilashin babban hoton. Can ya ce, "Akwai wani maɓalli da ake turawa a koma saitin hannu. Da na auna tsakiyar fage tun da sauran rana na bar ta a nan, da wataƙila an samu wani abu. Amma ka ga da Alhaji bai fito ba."

Ashe ba kuskure ne kaɗai ba. Mutumin nan ya san halin kayan aikinsa. Ya tsaya inda zai yi aiki biyu da dannawa ɗaya, ya bar kyamara ta zaɓa, ya kuma san wanda za ta zaɓa. Har da ba ni shawara wai in nemo mutumin Damagaram su sake kayen da rana tsaka. Na dube shi na ce, "Ka taɓa ganin namijin da zai tsallako iyaka don a kayar da shi sau biyu?" Ban zage shi ba. Har yau ban sani ba ko haƙuri ne ya hana ni, ko baƙin ciki.

A gida Baba ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi. Ya ce, "Wannan mai farar rigar, shi ne ya yi kokawar?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ba shi labarin yadda aka yi. Ya ajiye hoton a kan tabarma ya ce a share tsakar gida, ƙanina ya gwada masa taɗiyar a kaina. Na tuɓe riga na tsaya. Yaron ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri," ya zura ƙafa, sai ga ni a ƙasa, yara suna tafi.

Baba ya girgiza kai ya ce, "Ba ita ba ce. Kai ka miƙa masa ƙafar. Taɗiyar nan ba ta fitowa sai a kan wanda ya ƙi faɗuwa."

Na tashi muka sake, na dage iya ƙarfina. Baba ya ce mu bari kada in karye. Kafin wata kakar ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa, bai ga ƙafar ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan abu sau ɗaya zai faru, kada yabon kayan aiki ya rufe maka baki. Ka tambayi mai aikin abin da zai yi idan na'urar ta gaza, kada ka tashi sai ya ba ka amsa. In kun isa wurin kuma, ka dubi inda ya tsaya da wanda ya fuskanta, domin a nan za ka san ko aikin wa ya zo yi.