Rabin Finjalin Zeliha

Hurshit mai alfadari ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar garin Ermenek da ƙauyukan kan dutse, ya hau da gishiri, ya sauko da cuku da gyaɗar dutse. In an zauna shan shayi, zance ɗaya gare shi, har an gaji da ji. Wai a yarensu kalmar gwadawa, "denemek", daga "denk" ta fito, wato ƙunshin kayan da ake ɗora wa dabba a ɓari guda, wanda dole ya yi daidai da na ɗaya ɓarin.

"Ba a gwada abu shi kaɗai," in ji shi. "Sai da ɗan'uwansa."

Amma gwajin da aka yi masa shi kansa, Allah Sarki, har ya yi furfura bai gane kansa ba. Ranar da manyansa suka je nema masa auren Zeliha, ta kawo gahawa kamar yadda aka saba, tasa cike da gishiri. Ya shanye bai yamutsa fuska ba. Abokansa suka ce haƙurinsa ta gwada, ya ci. Gwaggonsa ta ce a zamaninsu gishiri na nufin yarinya ba ta so. To, wa zai kama? Ga wani abin kuma, finjalin kowa cike, nasa rabi. Wannan kam ba wanda ya iya fassara masa.

Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su. Zeliha ba mai yawan magana ba ce, shi kuwa tsoron amsar yake, sai ya haɗiye tambayar kamar yadda ya haɗiye gishirin. Abin yana cin sa a rai.

Da ciwo ya kwantar da ita, ya dafa mata gahawa da hannunsa, ta tafasa ta zube. Ya zauna a bakin shimfiɗa yana murza hula.

"Zeliha, don Allah, gishirin nan... ba ki so na ne?"

"Kai dai tsohon nan ka cika shirme. Sai yanzu?"

"To rabin fa? Ina ya tafi?"

Ta juyo gare shi.

"Kai mai cika wa mutane kunne da daidaita kaya. Ni na sha rabin a madafa kafin in kawo maka. Da ka zaci kai kaɗai zan bari ka ɗauka?"