Kwabon Kanti Ya Kai Ni New York

Asuba ta riske mu a filin jirgin Kano, ni da wasu fatake biyu da suka saba kai dutsen wuya da kayan sassaƙa Amurka. Su sai hamma suke yi, don tafiyar ta zame musu kamar zuwa Wudil. Ni kuwa idona biyu, hannuna a kan jaka. Mutumin da rumfarsa ta mutu a Kurmi, ƙaninsa ya ce ya zo ya riƙa jire masa shago yana ba shi na cefane, ina ya ga ta hamma? Na ce wa ƙanin nawa ya bari in je in dawo. In na dawo hannu rabbana, na yarda in zama yaron shagonsa da furfurata.

Abin da ke cikin jakar kwabon kanti ne. Yaran yanzu ba su san shi ba. Zamanin Turawa, masu manyan kantuna kan buga ɗan faifan jan ƙarfe da tambarinsu, su biya 'yan dako da shi. Ko ƙuli ba ya saya a kasuwa, sai ka mayar da shi kantin da ya buga shi, ka karɓi gishiri ko kananzir yadda suka ga dama. Mahaifina da irinsa aka biya shi dakon gyaɗa har bayansa ya tanƙware. Nawa a wurin maƙera na tsince su, cikin tulin da za a narka. Wani Bature ne ya taɓa ganin guda a rumfata, ya ce a New York akwai masu tara irinsa. Maganar nan ce ta kwashe ni.

Kafin in taso na sa uwar yarana da 'yan matanta suka zauna da toka da lemon tsami suka dirje su ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsu suka saɓule. Wa zai kai wa Bature kaya da dauɗa? Suka fito jajir kamar kwanukan amarya.

Ta Legas muka bi. Abincin jirgi ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda ya dafa shi dai bai taɓa jin labarin yaji ba. Da muka sauka, jami'in bincike ya buɗe jakata ya tambaya, na ce tsohon kuɗi ne da Turancina na wanda bai gama firamare ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in wuce. Wani ɗan Zangon Kumasi mai tuƙi a unguwar Jamaica shi ya kwashe mu, yana ta zuba Hausarsu ta Gana, rabi ina ganewa rabi ina cewa "haka ne".

Masaukinmu a Highbridge yake, unguwa ce a kan tudu, matakala sai ka ce hawan Dala. Mai masaukin ɗan Maraɗi ne, direban tasi. Ɗaki biyu, maza cike, katifa ba ta hucewa: mai aikin dare ya shigo, mai aikin rana ya tashi ya ba shi wuri. Amma tukunyar shinkafa da miyar gyaɗa ba ta yankewa, kuma ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi. Goro ne ya ba ni haushi. Guda ɗaya, busasshe kamar tsakuwa, a kuɗin da zai cika maka aljihu a gida.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau ni da mai masaukina zuwa Manhattan, tsakiyar birnin. A bakin ƙofa sai ka sayi ɗan faifan tagulla ka jefa a rami kafin ƙarfe ya juya ka shige. Na tambaya ko yana sayen burodi, aka ce a'a, jirgi kawai. Na ce to, ƙasar da ake ta yi mana baki da ita, ashe ita ma kwabon kanti take ci.

Mai sayen tsoffin kuɗin wani tsoho ne a saman bene, da ɗan madubi maƙale a ido. Na zazzage masa kaya a tebur. Da farko fuskarsa ta washe, ya ce bai taɓa riƙe na ƙasarmu ba. Da ya kai guda ido sai ya ajiye shi, ya ɗauki wani, ya ɗauki wani. Ya tambaya wa ya wanke su. Na bugi ƙirji na ce ni na sa. Ya yi doguwar magana yana dafe goshi, mai masaukina da ke fassara ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Alhaji, wai kun kashe su."

Ashe baƙin tsufan nan da muka kankare shi ake saya. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini na ƙasarsu, waɗanda masu kantuna suka buga tun Ingila na mulkinsu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kowanne a 'yar takardarsa, yana riƙe shi ta gefe kamar ƙwai. Ya zaɓi kaɗan da tokar ba ta ci sosai ba, ya biya abin da bai kai a faɗa ba. Amma ya ce in na sake samu, kada ko ruwa ya taɓa su, in kuma riƙe sunan garin da kowanne ya fito, zai saya da daraja.

Muka sauko titi. Gidajen da suka tokare sama ban ma kalle su ba, shagon ƙanena kawai nake gani. Mai masaukina bai yi mini wa'azi ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi in ci abinci tukuna, gobe ma rana ce.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya kai ni Harlem, inda mutanenmu ke baza kaya a bakin titi: huluna, turare, kaset, adire. Wani Bazabarme ya matsa mini gefen teburinsa na zuba kwabbaina, ba don ina sa rai ba. Rana ta haska su. Sai ga wata baƙar Ba'amurkiya, dattijuwa mai sana'ar 'yan kunne da sarƙa, ta tsaya ta tambaya mene ne. Na gaya mata gaskiya, har da bayan mahaifina. Ta daɗe tana kallon guda a tafinta, sannan ta ce kakanta ma a gonar auduga da irin wannan aka biya shi, kantin mai gona kaɗai ke karɓa. Ta sayi cikin hannu. Washegari ta dawo da biyu a kunnenta, ta huda su ta sa waya, ga mata biye da ita suna tambaya. Ita mai ƙyallin take so. Kafin in bar garin jakata ta zama fayau, ta kuma ce in nemo mata wasu.

Mun dawo gida lafiya. Ƙanena ya zo yi mini sannu da zuwa, yana ta leƙen fuskata. Da ya gaji ya ce, "Yaya, maganar shagon nan fa?" Na ce ya nemi yaro, ni da sauran tafiya a gabana.

Ban yi arziki ba, kada wani ya zo mini rance. Na dai buɗe rumfata, na kuma koyi abin da ya kamata in sani tun ina saurayi: kada ka gyara kaya sai ka ji bakin mai saye. Yanzu masu saye biyu gare ni, ɗaya na son baƙi, ɗaya na son ja, kuma duk daga tuli ɗaya suke fitowa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fara da Nguru, daga nan sai Gusau, inda tsoffin kantunan gyaɗa suke, in riga wutar maƙera.