Ruwan Farko na Ƙarami Ne

Ranar kasuwar Tambuwal ce, cikin kakar shekarar da na famfare haƙoran gaba, aka ɗauko ni daga Fakku aka kawo ni cikin garin, gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, don in taya ta reno. Ina shiga tsakar gida na ja na tsaya. A jikin katanga, kusa da bishiyar darbejiya, ga wani ƙarfe mai wuya kamar na zabo, Gwaggo ta murɗa kansa sai ruwa ya zubo. Ba guga, ba igiya, ba layin mata. Na ajiye ƙullin kayana na zagaya bayan katangar ina neman wanda ke zubo shi. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke ɗiyar ƙauye, wanga famfo na, ba aljani ba."

A Fakku rijiya muka sani, kuma rijiya tana da ƙa'idarta. Wadda ta fara zura guga da safe ita ke samun ruwa garai-garai, don ya kwana ya kwanta. Kafin hantsi an dama shi, shanu sun zo, ya koma kamar kunun kanwa. Saboda haka ruwan farko ba a wanki da shi, na jariri ne da tsoho. Da wannan aka reni Gwaggo, da shi ta zo birni gidan mijinta Malam Garba, akawu, wanda ya sayi wani tsohon gidan ma'aikata da famfonsa. Kullum da safe kafin in share gida, kafin in kai awaki ga makiyayi, sai in tara ƙaramar tukunya in tari abin da ya fara fitowa. Da shi ake dama wa Bello koko, yaron da nake goyo. In na yi gigin wanke fuska da shi sai in ji muryarta daga madafa: "Ruwan farko na ƙarami na!"

Bututun da ya kawo ruwan ya fito daga ƙasa kamar kamu biyu kafin ya hau katanga. Toka-toka ne, mai laushi, yaro ma yana iya lanƙwasa shi. Shi ne abin wasanmu. Mu samo ƙusa mu karce shi, wurin ya yi ta walƙiya kamar azurfar amarya. Wani guntu da mai gyara ya yar, da shi muke zane a bango, yana ba da layi baƙi kamar fensir. 'Yan makaranta su rubuta baƙaƙensu, ni da ba a sa ni ba in zana kaza da rumbu.

Bello ya tashi da ciwon ciki da ba ya jin jiƙo, ga saurin fushi, ga mantuwa. Da aka sa shi firamare, abin da aka koya masa yau gobe babu. Na sha leƙe ta tagar aji in ga an sa shi kamun kunne. Ubansa ya ce lalaci ne, maƙwabta suka ce baki ne. Ya sha bulala, ya sha rubutu, a ƙarshe ya bar makaranta ya koyi gyaran babur.

Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga ajin manya a Kebbe, inda nake aure, don na gaji da dangwala yatsa. Wata rana ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mana bayanin gubar dalma. Ta ce a tsofaffin gidaje akwai bututun dalma, in ka karce yana walƙiya, maganaɗisu ba ya kama shi. Ta ce ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, tafasawa ba ta fitar da ita, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ruwan da ya kwana cikin bututu ya fi kowane ɗaukar ta. Alli ya faɗi daga hannuna. Ba zan rantse cewa ita ta yi wa Bello abin da ya same shi ba, ni ba likita ba ce. Amma na san bututun nan kamar tafin hannuna, kuma na san Bello yana gidan har yanzu, da matarsa Luba da jaririyarsu Nana.

Washegari na hau babur sai gidan Bello. Na iske Luba ta tara tukunya, yadda marigayiya Gwaggo ta koya mata. Na karɓe na sheƙar a makwarara. Bello ya fito yana cewa, "Yaya, mi ya yi zafi? Mun sha mun girma." Na ce, "Ka girma, amma ka tuna bulalar da ka sha kan abin da ba ka iya riƙewa? Ita kake so Nana ta gada?" Na ce daga yau a bar famfo ya zuba sosai kafin a tari na sha, na farko a wanke bayi da shi, a nemo wa Nana ruwan burtsatse, a kai ta asibiti a duba jininta, bututu kuma a tono shi duka a sa na roba. Na ce ba ni komawa Kebbe sai na gani da idona, kuma ban koma ba.

Ranar da aka tono shi, Bello ya ɗauki guntu ya ja layi a bango kamar da. Ya daɗe yana kallon layin. Ya ce, "Ashe wataƙila ba ni ne daƙiƙi ba." Na ce ya je ya wanke hannu da sabulu, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi.

Yanzu ko a Fakku mata sun fi zuwa burtsatse, rijiyar nan tamu ciyawa ta rufe bakinta. Ina kewar sanyin safiyarta, da ƙarar guga in ta taɓa ruwan da ba wanda ya dama. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, a rijiya ruwan farko na ƙarami ne. Ƙauna ce ta ɗauko daga gida, ba wanda ya gaya mata cewa ruwan ya canza hanya.