Baƙon da ya zo karɓar fasfon Yaya

"Ƴan wasan yanzu ragwaye ne, Hajiya, ba sa son a taɓa su," in ji baƙon da Yaya Sani ya kawo gidanmu a Nyanya, yana magana da Mama. Wai shi tsohon kwatabak ne a ƙwallon Amurka, wato mai jifa da hannu. Fasfon Yaya yake so, zai kai shi can.

Ina leƙe ta labule, ƙanenmu ya cilla wa baƙon ƙwallo. Sai ya tare da ƙirji, ya sauke a ƙafa!

Da Mama ta shigo, na raɗa mata, "Da hannu fa ya ce yana wasa."

Ta koma ta ce, "Malam, fasfo sai Babansu ya dawo."

Yaya ya daina yi mini magana. Jama'a, zargina ne ya yi yawa?