Shirun da Na Je Nema a Faransa

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Damagaram a kar, babbar motar Yamai, ni da walis ɗaya na kayana da wata ambulan da na rungume kamar jinjiri. Takardun asibitin Auta ne a ciki.

Auta ƙanena ne. Shekarunsa talatin da huɗu, amma fahimtarsa ta yaro ce, haka Allah Ya yi shi. Tun rasuwar Inna yake hannuna. Ba ya duka, ba ya zagi. Abinsa ɗaya, gaisuwa. Zai kama hannun mutum ya fara: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, da muryar da ake ji a unguwa uku. In ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya taɓa riƙe liman a ƙofar masallaci har jama'a suka fara leƙowa. In aka fizge hannu kuwa, sai kuka da birgima. Masu sayen atamfa suka fara kewaye shagona. Na gaji, wallahi na gaji. Wata uku kafin tafiyar nan wani mai sayar da magani a kasuwa ya ba ni wasu ƙwayoyi, Auta ya koma wuni yana barci. Na kuma ji ana cewa a Turai buɗe kai suke su gyara ƙwaƙwalwa. Da ɗiyar yayana mai karatun lafiya a Lyon ta gayyace ni bikin gama karatunta, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan nemo likitan da zai yi wa Auta aiki, ya yi shiru, kowa ya huta.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na tuna muku ciwon baya ba. A jirgin sama kuma na sha addu'a har ta ƙare na koma maimaici.

A Paris ɗiyar tawa ta tarbe ni. Jama'a, garin nan ƙarƙashinsa ma gari ne! Ka sauka matakala, ka sake sauka, jirgi ya zo ya kwashe ku a cikin rami, ba mai kallon kowa. Na yi wa wata dattijuwa sallama ta matsar da jakarta. Ɗan burodi da cuku da muka saya, da ta juya mini kuɗinsa zuwa sefa sai da na daina tauna. A cikin jirgin ramin nan na buɗe mata ambulan na faɗa mata ƙudurina. Ba ta ce a'a ba, yarinyar tana da ladabi. Cewa ta yi, “Gwaggo, gobe kafin mu kama tiren, jirgin ƙasan Lyon, zan kai ki wani wuri.”

Wurin wani tsohon gidan ajiyar kayan likitocin dā ne, doguwar zaure da akwatunan gilashi. Na saki baki. Zartuna, almakasai, idanun gilashi suna kallonka, ƙafar ƙarfe. Ka ga yadda ɗan Adam ya yi ta fama da ciwo tun kaka da kakanni, sai tsigar jikinka ta tashi. Can ta tsayar da ni gaban wani siririn ƙarfe mai kama da basillar dukawa.

Ta ce aikin da nake nema an taɓa yin irinsa, sunansa lobotomi. Wani likitan ƙasar Fotugal ne ya fara shi kafin yaƙin duniya na biyu. Sai a huda ƙoƙon kai a gefe biyu, a zura ƙarfen nan a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. A Amurka ma wani ta saman ido yake bi, da 'yar guduma. An ce don masu taɓin hankali mai tsanani aka ƙirƙiro shi, lokacin ba magani. Amma daga baya ya bi ta kan masu raunin fahimta irin Auta, da yara marasa jin magana, da mata, su ne ma suka fi yawa a ƙasar nan. Na ce to an kama likitan Fotugal ɗin? Ta ce kyauta aka ba shi, babbar kyautar da duniya ke ba masana. La'ilaha illallahu! Masu ilimi, masu farar riga, a gari mai wannan haske. Na tambaya ko mutanen na warkewa. Ta ce wasu sun mutu, da yawa sun yi shiru, kuma shirun ne ake rubutawa a takarda cewa aiki ya yi kyau.

Ni dai ina da taurin kai. A raina na ce wannan zamanin dā ne, yanzu ai hannu ya faɗa.

Tiren ɗin Lyon awa biyu ya yi, gudu kamar an koro shi, amma shayin da ke gabana ko motsi. Gonaki kore shar, shanu farare ƙato-ƙato ba makiyayi. Daga gar, tashar jirgin, muka shiga metro, jirgin raminsu, muka hau taram, ƙaramin jirgin kan titi, zuwa Vénissieux, unguwar dogayen benaye. A hawa na goma sha ɗaya wata Hajiya 'yar garin Tawa ta sauke ni. Da na fito da kuka da daddawar da na kawo, rungume ledar ta yi kafin ta rungume ni. Tuwon semul, tsakin alkama, ta tuƙa mana, 'ya'yanta haifaffun can suna ci suna “Tanti, se bon”, wai akwai daɗi, Hausar tasu rabi da rabi. Bikin ɗiyata ya yi kyau, na yi guɗa a cikin zauren Turawa, ban kuma ba kowa haƙuri ba.

Hajiyar a gidan kula da tsofaffi take aiki. Ashe ɗiyar tawa ta tsegunta mata ƙudurina. Ran Lahadi ta ce in raka ta, akwai wata tsohuwa da ƙanwarta ke zuwa dubawa duk mako, ta kuma nemi izinin ƙanwar ta yarda mu gaisa.

Mun sami tsohuwar a kujera gaban taga, tsaf da ita, an taje mata furfura. Ta haura tamanin. Bakina ya riga ni, na ce, “Sannu Baba, ina wuni?” Ta dube ni. Ban taɓa ganin kallo irin wannan ba: ido lafiya lau, amma kamar ka leƙa ɗakin da aka kwashe kaya. Da ƙanwar ta gyara mata gashi sai na ga ɗan loɓawa a gefen goshinta, hagu da dama.

Ƙanwar ta ba da labari, Hajiya na juya mini. Yayarta ba ta iya karatu ba, ba ta iya lissafi ba, amma waƙa take tun safe a bakin taga, da ƙarfi, ta yi dariya, ta fita ta bi mutane. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi. Tana da shekara goma sha bakwai likita ya ce akwai aiki, babansu ya sa hannu. Ba wanda ya tambaye ta. Ta dawo ba waƙa, ba dariya, ba kuka. Ranar da uwarsu ta rasu ma abincinta ta ci ta kwanta.

Na ce, “Wane irin uba ne wannan?”

Da aka juya mata, ƙanwar ta girgiza kai. “Babanmu ba mugu ba ne, madam. Yana son ta. Gajiya ya yi.”

Ambulan ɗin na cikin jakata a kan cinyata. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ji tsoron Allah, na ji tsoron kaina.

Duk da haka na je randebun da ɗiyata ta samo mini wajen wata likita. Ta karanta takardun, ta ce Auta ba shi da abin da wuƙa za ta gyara, kuma yau ba likitan kirkin da zai taɓa kan mutum don kawai ya dami jama'a. Da na nuna mata kwalin ƙwayoyin sai fuskarta ta canza. Ta ce magani ne na gaske, yana taimakon masu wata cuta, amma Auta ba shi da ita. Kada in tsayar rana ɗaya, in kai shi wurin likita a gida a rage a hankali. Sannan ta ce, “Shi me ya ce game da maganin?” Na yi dariya. Sai na ga ita ba dariya take ba. Shekara talatin da huɗu, ban taɓa tambayar Auta ra'ayinsa ko a kan kalar riga ba.

Na iso Damagaram da la'asar. Dā, tun daga bakin titi Auta ke tarbata da ihu. Ranar na same shi a tabarma, baki sake, ya ɗaga ido ya mayar. Na san kallon nan, na baro shi a Lyon gaban taga. Ko walis ban shigar ba na durƙusa na kama hannunsa: ina wuni, ina gajiya, ina gida, ina zaman kewa. Na kai ƙarshe na koma farko. Sai a zagaye na uku ya ce, can ƙasa, “Lafiya lau, Yaya. Ina hanya?”

Na ce, “Auta, kana son maganin nan?”

Ya ce, “Yana hana ni gaida mutane.”

Na yi kuka har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu.

Tafiyar nan ta nuna mini jirgi a rami da shanu ba makiyayi, amma abin da na riƙe shi ne: mai sa hannu a yanke wa ɗan'uwansa murya ba sai mugu ba, gajiyayye ma ya isa. Likita na rage maganin, muryar ta dawo har ta fi dā. Wasu ranakun har yanzu kaina kamar ya tsage, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na sa masa benci a ƙofar shago. Duk mai son atamfa ya zo da lokacinsa, don ba na warware ko yadi ɗaya sai an amsa wa Auta gaisuwarsa har ƙarshe.